Ƙwaya Biyu Kafin Hawan Dutse

Wata uku ke nan gwiwar hagun Direba tana kai masa ƙara, shi kuwa yana toshe mata baki. Ya ba hamsin baya, babbar mota yake ja, zaman kujera ya tara masa tumbi. Da likita ya ce ya rage ƙiba, sai ya shiga cikin masu gudun safe a dutsen bayan gari, inda hanya siririya ce, ga tsakuwa ga saiwoyi.

Hawa bai dame shi ba, gangara ce matsalar. Yakan saki jiki ya riƙa zuba dogon taku yana dira da dunduniya, cikin takalmin da ya suɗe kamar tsohuwar taya. Kowace dira a gwiwa take ƙarewa.

Abokinsa Mai-walda, wanda ya daɗe a harkar gudun, ya ce masa, "Tsoho, gajarta taku in za ka sauko. Ka canza takalmin nan, ka huta, ka je a duba ƙafar."

"In huta ka samu bakin cewa ka fi ni? Shekara talatin ina taka kuloci da ƙafar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Sai ya samo dabara. Kafin ya fita ya haɗiyi ƙwayar kashe ciwo biyu, gwiwa ta yi tsit, ya yi gudunsa. Matarsa ce ta ga fankon maganin a aljihu wajen wanki.

"Baban yara, ina jin tsoron abin nan. Ciwon fa bai tafi ba, bakinsa kawai ka ɗaure."

"Ke dai ki yi wankinki."

Ranar Asabar ya sulale shi kaɗai ta wata hanyar da ba a cika bi ba, don ya ƙara ƙwarewa a ɓoye. Waya ma ya bar ta gida, wai tana dukan cinya. Yana tsakiyar gangara ya ji ƙas, kamar an karya busasshen ice. Sai ganin kansa ya yi a cikin kwazazzabo.

Ya dubi ƙafar, ta karkace inda ƙafa ba ta karkacewa, kuma bai ji zafin kirki ba. Wannan shi ya fi tayar masa da hankali. Ya yunƙura, ta ƙi ɗaukarsa. Ya yi kira, dutse ya maido masa da muryarsa. Da ya ɗaga kai sai ya ga hadari ya haɗo, ya kuma ga busasshiyar ciyawa maƙale a jikin bangon, sama da kansa. Nan ruwa yake kaiwa in ya sauko.

Ya fara jan jiki da gwiwar hannu, yana salati. Daidai nan maganin ya sake shi, ciwon wata uku ya taso gaba ɗaya. Yayyafi ya fara.

A gida, hantsi ya yi ba labarinsa. Matar ta iske Mai-walda a shago, mayafi a hannu. "Don Allah ina abokinka? Ga wayarsa a gida." Mai-walda bai ko kashe inji ba ya tara mutane, suka nufi dutsen. Hularsa suka tsinta a bakin hanya. Lokacin da suka ciro shi, ruwa ya kai masa ƙugu.

A asibiti likita ya daɗe yana kallon hoton gwiwar. "Jijiya ta tsinke, guringuntsi ya cinye. Wannan ba ɓarnar yau ba ce. Da ka zo tun farko, da hutu da motsa jiki sun wadatar."

"Likita, yaushe zan koma mota?"

Likitan ya dubi matar, ya girgiza kai.

Yanzu kullum da safe Direba yana zaune a ƙofar gida da sanda, yana jin motarsa tana wucewa a hannun wani. Daga ƙarar giya yakan gane yadda ake wahalar da ita.

Jama'a, gudu lafiya ne, amma ciwon gaɓa saƙo ne, ba a kashe shi da ƙwaya a ci gaba. In gwiwa ta yi magana ku tsaya ku je a duba, kuma kada ku hau dutse ba wanda ya san inda kuka bi.