Matar da Ta Binciki Dangin Tururuwa

Kai da kake ganin jan ƙwaro a gona ka ce duk kanwar ja ce, zauna in ba ka misali. Wata mata ce can kudu, inda ruwan sama ke yawa, mahaifinsu ya rasu ya bar musu lambun mangwaro. Itatuwa manya-manya, amma 'ya'yan abin takaici: ka ga mangwaro ya nuna luguf, ka gatsa, sai tsutsa ta yi maka sallama. Wani ɗan ƙuda ne ke huda ɓawon ya zuba ƙwai. Yayyenta maza suka gaji, suka ce a sare a yi gawayi kowa ya huta. Ita kuwa a gindin itatuwan nan ta yi rarrafe, ko sunan gatari ba ta son ji. Ta lura cewa 'yan itatuwan da ke tsira su ne masu jar tururuwar nan da ke ɗinke ganye ta yi gida, mai cizo kamar an ɗiga maka barkono. Ƙuda na sauka sai su yi masa caa. Ta ce ashe ga magani a gonar yaro. Ta samo igiya ta haɗa kowace bishiya da ta kusa da ita, don tururuwa su sami gada su bazu ko'ina. Sai aka wayi gari ƙasa ta yi jawur da gawarwakin tururuwa, sun kashe junansu, ƙuda kuwa ya ci karensa babu babbaka. Babban yayan ya taho da mai gatari har bakin shinge. Ta tare hanya ta ce, "Yaya, ka ba ni zuwa baɗi. In ba su gyaru ba, ni zan wasa maka gatarin."

Ta kwance igiyoyin duka, ta sake lale. Sai ta ɗauko tururuwa ɗaya a kan ganye daga wannan bishiya, ta ajiye a waccan, ta zuba ido. In tururuwan waccan bishiyar suka shinshine ta suka wuce, 'yan gida ɗaya ne, ta ɗaura igiya. In suka danne ta suna jan ƙafafunta, bare ce, ta datse duk reshen da ya taɓa reshe. Hannunta ya kumbura suntum da cizo, masu wucewa suna dariya, wai ta zama alƙaliyar tururuwa tana rabon gado. Ashe gidaje uku ne a lambun, ido ba ya raba su, amma kowane da uwarsa da halinsa. Na bakin rafi 'yan sammako ne, na kan tudu ko tsakar rana ba sa komawa gida. Ba ta kori kowa ba, ta bar kowa a unguwarsa, ƙuda ya rasa reshen da zai sauka. Da bazara ta yi, yayan ya zo da wuƙarsa yana neman tsutsa. Ya tsaga wannan, lafiya lau. Ya tsaga wancan, ya koma wata bishiyar ya tsago, har ruwan ya bi masa gwiwar hannu. Sai kawai ya zauna a ƙasa ya hau sha. Ita kuwa ta rangaɗa guɗar da aka ji har ƙetaren rafi, kuma wallahi ta cancanta.

Shi ya sa Bahaushe ya ce: kama da wane ba ta wane.