Nonon da ya ƙi barci

Wataƙila na manta wasu abubuwa, amma ban manta warin ƙwaryar nan ba. A rugarmu kusa da Guéné, nonon Inna ya yi kwanaki yana ƙin barci, ba ya kauri ba ya tsami, ko ta zuba masa ragowar tsohon nono. Da la'asar maƙwabciyarmu, Gwaggo Hamsatu, ta shigo da kwanonta. Inna ta yi maza ta rufe ƙwarya da faifai.

"Wanga ba na saidawa ba na, Hamsatu. Idonki ya ishe mu haka nan."

Gwaggo ta yi dariya, sannan ta ga ba wasa ba ne. Ta fita da kwano a kife, ba ta ƙara shigowa ba.

A jami'a na yi karatu kan faj, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu kai da wutsiya, da aka kasa su dangi-dangi. Wani dangin yana kashe ƙwayoyin da ke sa nono tsami. Ba zan rantse su ne ba, amma ba idon Gwaggo ba ne. Har yau ba na iya kallon ɗiyanta a kasuwar Malanville. In wani cikinsu ya tuna yinin nan dabam, ya gyara mini.