Maɓallin Ƙara Murya

Karo na uku ke nan Kamilu yana dawo da motarsa wurin Musbahu mai gyaran waya a Sharaɗa. Maɓallin ƙara murya na sitiyari ya ƙi aiki da sabuwar rediyon.

Musbahu ya sake haɗa wayoyin, ya yi masa alama ya danna. Ya danna, ya kuma dannawa. Muryar mai labarai tana can nesa.

"Ka ji ko? Har yanzu!"

Yana juyowa ya ga Musbahu ya toshe kunnuwa, madubin motar sai karkarwa yake saboda ƙarar rediyon.

Musbahu ya kashe rediyon, ya matso daf da kunnensa. "Malam, a ina kuke aiki?"

"Ɗakin janareton kamfanin roba. Shekara sha tara."

Kamilu ya saki maɓallin, ya zauna yana kallon yatsansa.