Tukwane Biyar Kafin Maimai

Ka ce rininka ya ƙi kamawa sau biyu, don haka za ka rufe karofi ka koma dako. To, zauna in ba ka misalin wata Bamagujiya da na sani a wani ƙauye can bayan dutse. Sana'arta dafa burukutu ce. Ba don ka sha nake kawo maka ita ba, kada ka zare mini ido. Hankalin matar nake so ka ɗauka.

Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da gona mai faɗi, wadda hannu biyu ba za su iya nome ta ba. A garinsu kuwa gayya ba ta taruwa sai da giya, kuma ƙarfin giyar shi ne ƙarfin noman. Da can surukarta ce ke dafa wa gidan, ita ma ta bi ɗanta kafin damina ta faɗi. Matar ta gaji kayan aiki kaf, da randuna da matatar giya da muciya, amma ba ta gaji hannun tsohuwar ba. Lokacin noman farko ta jiƙa dawa, ta yi tsiro, ta niƙa, ta dafa yadda ta sha gani ana yi, ta kira gayya. Maza suka kurɓa suka dubi juna. Tsohon makaɗin gayya, wanda bakinsa ba shi da linzami, ya ce kunun yaye ma ya fi wannan ƙarfi. Kafin rana ta take kowa ya saɓa fartanyarsa, aka bar mata rabin gona cikin ciyawa. Ta ji kunya, ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta share ido, don ta san in maimai, wato noma na biyu, ya zo haka, gero zai mutu cikin ciyawar harƙiya, yaranta su kwana da yunwa shekara guda.

Sai ta bi gida gida tana tambayar mata. Wannan ta ce ki ƙara barkono, waccan ta ce ki haɗa da gero, wata ta ce wutarki ce ba ta isa ba, wata ta ce tsironki bai nuna ba. Ita kuwa baiwar Allah, da zafin nema, ta tattara shawarwarin nan duka ta zuba su a randa ɗaya. Abin da ya fito ko akuya ta shinshina ta kau da kai. Mudu shida na dawa daga rumbun marayu sun tafi a banza, kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba ta san wace shawara ce ta ɓata ba, wace ce ta gyara. Ka ga irin kuskurenka ke nan, kai da ka canza baba da toka da ruwa duk a rana guda.

Ba ta fasa ba. Ta aro ƙananan tukwane biyar, ta jera su a inuwar rumbu, ta yi wa kowace zane da gawayi. Kowace tukunya ta dafa ta yadda ta yi da farko, sai abu ɗaya tak da ta canza. Ta farko ta sa barkono. Ta biyu ta haɗa da gero. Ta uku ta daɗe a wuta. Ta huɗu ta yi ta da tsiron da ya kwana huɗu a ƙarƙashin ganye, maimakon biyu da ta saba. Ta biyar kuwa, akwai wata baƙar randa ta surukarta da ta ture bayan ɗaki tun farko saboda ƙyama, don tsohuwar ba ta taɓa bari a wanke gindinta ba. Sai ta kankaro busasshen abin da ya daskare a ciki ta zuba. Maƙwabta suna wucewa suna dariya, wai ta koma wasan 'yar tsana da girmanta. Da giyar tukwanen ta nuna, sai ta kira makaɗin nan da ya ci mata fuska, ta miƙa masa ƙoƙo, ta ce, "Baba, ɗanɗana ka faɗa mini gaskiya, na san ba ka iya ƙarya ba." Uku na farko ya tofar. Ta huɗu ya ce akwai zaƙi da jiki. Ta biyar tana ta tsiyayar kumfa, ya kurɓa, ya ce wannan warin gidan tsohuwa ne. Ashe ƙarfin yana cikin dattin da ta raina.

Ta haɗa tsiron kwana huɗu da gindin baƙar randa, ta auna dawar da ta rage mata, ta dafa. Ranar maimai makaɗin ya riga kowa zuwa, gangarsa ta kira har waɗanda ba a gayyata ba. Aka nome gonar har kan iyaka, aka koma aka tsince rabin da aka bari a baya, la'asar ba ta yi sanyi ba.

Dabaru biyar ta gwada, huɗu daga bakin masoya, ɗaya daga kanta, biyu ne kawai suka yi rana, kuma babu mai iya gane su da ido. Don haka tashi ka koma karofinka, ka nemo ƙananan tukwane. Hausawa sun ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.