Ranar da Gwanar Suya Ta Zauna Gaban Tanda

Ga wani misali da tsofaffin garinmu kan ba mai cewa girki duk girki ne. An yi wata mata a wani ƙauye, ba ta da yawan magana, amma tun tana gidansu ta iya tuyar waina. Da aka yi haihuwa a gidan ƙanin mijinta, sai aka ɗora mata wainar suna. Ta jiƙa shinkafa, ta kai niƙa, ta haɗa ƙullu, ya kwana ya tashi har yana tsattsafa. Wannan ne aikin farko da dangin miji suka damƙa mata, kuma ƙullun ke nan, babu wani a ajiye. In ya lalace, maza za su watse daga raɗin suna ba su karya ba, a ce ita ce.

Gari na wayewa ta hura wutar kara, sai ga yayar mijinta daga birni. Gwana ce ta gaske a suyar nama, wadda in ta soya ragon layya yakan kai wata bai canja ba. Ta jawo kujera ta zauna gaban tanda, ta ce suya da tuya ai duk mai ne da wuta, amarya ta je ta huta. Matar ta ji kunya, ta koma gefe tana kallo. Yaya ta tura itace wuta ta tashi, yadda nama ke so. Ta zuba ƙullu, kuma hannun da ya saba juya nama bai san zama ba. Tun ƙasan bai kama ba ta sa cokali, ƙullu ya dagargaje. Wainar da ta tsira ta ƙone a baya, cikinta ɗanye. Ta zargi tanda, ta zargi mai, ta ce shinkafar bana ce. Matar dai idonta na kan robar ƙullu, tana ganin ya kusa rabi, ga muryar liman ta fara tashi a zaure.

Nan ta durƙusa, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Yaya, nama ne ke son a dame shi. Ita waina sai an ƙyale ta." Ta zare itacen, ta mai da kara, ta goge tanda ta ɗiga mai. Ta zuba ƙullu ta naɗe hannu. Sai da saman ya yi idanu, gefe ya yi ja ya saki tanda da kansa, sannan ta juya sau ɗaya tak. Waina ta fito fara, ta kumbura, in an latsa ta dawo. Ta rage girman ludayi kaɗan, ragowar ƙullun ya cika faranti shida, aka fita da su kafin a shafa fatiha.

Yaya ta ɗauki ɗaya ta gutsura, ta daɗe tana taunawa. Da mata suka fara yaba mata, sai ta nuna matar da haɓa ta ce, "Ba ni ba ce, matar ƙanina ce. Ni ku kawo mini ragon in an yanka." Da hantsi kuwa ta soya naman da aka yi mako ana zancensa, matar na tura mata itace.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.