Tururuwar da Ba Ta da Suna

Ku gafarce ni, ban taɓa rubuta labari ba.

Kawu, masanin ƙwari, ya ɗago daga madubin ƙara girma, inda ya ɗora matacciyar tururuwar da na kawo masa.

"Malama ƙarama, ina kika samo wannan?"

"Ƙarƙashin tukunyar fure, Kawu."

Na tsaya ina murza bakin mayafina. Tun damina nake kiwon danginta da sarauniyarsu a kwalbar da na ajiye masa a kan tebur, ina ɗiga musu ruwan sukari. Na bincike littattafansa kaf, ban ga mai kama da su ba.

"Ƙaya uku a ƙugu!" Ya ƙwala wa abokan aikinsa kira. "Ku zo, 'yar ƙanwata ta fi ku ido! Ba wanda ya taɓa rubuta irin wannan. Sunanki za mu sa mata."

Suka yi dafifi a kan madubin, wannan na ture wancan.

"Saura me, Kawu?"

"Abu kaɗan. Guda ɗaya ba ta isa shaida ba. Za mu tsoma sarauniyar a ruwan sifirit mai hana ruɓa, mu adana gawarta." Bai ko waiwayo ba. "Wani ya miƙo sifirit!"

Na dubi kwalbar. Sarauniyar tana tsakiyar 'ya'yanta, tana lasar wani farin ƙwai.

Suna ta gardamar yadda za a rubuta sunana, na lulluɓe kwalbar da mayafi, na sulale ta ƙofar baya.