Kayan Radiyya

Babu abin da ke karya namiji irin ya ga iyalinsa za su ƙetare teku su bar shi. A jikin Falalu dai bayansa ne ya fara karyewa, wajen sauko da firji daga wani bene a unguwar Levenshulme ta birnin Manchester.

Iyalin ma a da ne. Shekara biyu ke nan da ya saki Radiyya, saki ɗaya, a kan wata gardama da shi ya ci, wadda yanzu ko da wuƙa a wuya ba zai tuna tushenta ba. Ya koma Birmingham da aikinsa na injiniya, ya fice daga zauren WhatsApp na 'yan arewa saboda yawan gaisuwar Juma'a, ya zauna jiran a zo a ba shi haƙuri. Yana cikin jira idda ta cika.

Anti Nana A'isha, ƙanwar mahaifiyar Radiyya, ita ta kira shi. "Injiniya, Radiyya za ta koma tsibirin Isle of Man da Hafsa. Ga kaya jibgi, mu kuwa mata ne. Wa ya fi ka cancantar kai 'yarka?"

Bai tambayi dalili ba, don tambaya aikin wanda bai sani ba ne. Radiyya ma'aikaciyar jinya ce, tsibiri ma ana ciwo, magana ta ƙare. Abin da kunnensa ya ɗauka shi ne an neme shi, kuma mace ba ta neman tsohon miji ya ɗaukar mata kaya sai da magana a ƙasa. Ya yi hayar babbar mota, ya yanki tikitin jirgin ruwa, ya tsara jawabinsa a kan titin M6: sabon sadaki, sabon zama, in ta dage shi ma ya bi ta tsibirin. In ba haka ba, Hafsa za ta girma da ruwa tsakaninta da ubanta.

Kayan sun ɗan ba shi mamaki. Tsohon gadonsu Anti ta ce a bar wa ma'aikatan shara na ƙaramar hukuma su kwashe. A madadinsa ga katifa a cikin leda, ga tukwane da wuta ba ta taɓa lasa ba, ga bokitai masu murfi, masu nauyi, suna ƙamshin zuma da man gyaɗa. Ya ce a ransa, tsibiri ai ba Stockport Road ba ne, inda shagunan kayan abincin gida suke, dole mutum ya tafi da guzuri. Mata cike da gidan, wasu na share hawaye da gefen mayafi. Ya ga abin ya yi yawa a kan canjin wurin aiki, amma ya daɗe da daina neman hujja a kukan mutane.

Radiyya ce ta sauko ƙarshe, mayafi ya rufe rabin fuskarta, hannuwanta cikin safa, alhali rana ce irin wadda Turawa ke cire riga dominta.

"Ina kwana, Baban Hafsa."

Ƙamshin humra ya cika motar. Rabon da ya shaƙi irinsa tun farkon zamansu. Ya gyara madubi, ya ɗan gyara gemu, ya ga motocin matan sun jero a bayansa. Zumunci dai da saura.

Hafsa, mai shekara shida, tana zaune tsakiyarsu. Da Turancinta na Manchester ta shaida masa an riga an yi wa ɗakinta na can fenti irin kalar da take so. Uwar ta taɓa mata gwiwa, yarinyar ta ja bakinta. Falalu ya yaba wa masu gidan hayar tsibiri.

Jawabin ne ya ƙi fita. Kusa da Preston cunkoso ya hana. A tashar Heysham wani ma'aikaci mai riga rawaya ya tsaya ƙare wa motar kallo. Da jirgi ya ɗaga kuwa, teku ta nuna wa injiniya ba kowane abu ke tsayawa inda aka kafa shi ba. Rabin tafiyar a banɗaki ya yi ta, ya rungume kwatami.

Sai da tudun tsibirin ya bayyana ya lallaɓo, ya same ta a bakin taga.

"Radiyya, akwai maganar da na daɗe..."

"Bari mu sauka, Baban Hafsa."

A hankali ta faɗa, idonta a ƙasa. Kunya ce, in ji shi. Anti, wadda ba ta taɓa nisa da su ba tun Manchester, ta miƙo masa cincin a tafin hannu. "Ci, Injiniya. Kai ma ai kana da rabo."

Gidan na kan wani hawa a garin Douglas. Shi ya hau da katifar a bayan nan nasa, shi ya haɗa gado, shi ya ɗaure ƙusoshin har ya jijjiga ya tabbatar ba ya ƙara. Daga nan matan suka kore shi, suka rufe ƙofa, aka shiga jan kujeru da shimfiɗa zannuwa. Ya sauko falo, ya wanke fuska, ya maimaita jimlar farko. Wannan karon ko aradu ce ta faɗo sai ya faɗa.

Sai ga wani mutum ya shigo cikin farar shadda, hula ta sha kari, ya kama hannun Falalu da hannu biyu.

"Dakta Rabe," in ji shi. "Sannu da ɗawainiya, Injiniya. Wallahi ba kowa zai iya ba."

Daga sama wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. An ɗaura auren Dakta da Radiyya tun ranar Juma'a a unguwar Cheetham Hill, kuma Falalu ne ya kawo amarya.